Masta Zai Wuce da La'asar

Salamu alaikum, mutanen wannan zaure. Kafin in fara ina da roƙo guda: kada wata ta rubuto mini a ƙasa wai "Safiatu, ai da kin yi haƙuri." Na yi haƙurin. Haƙurin da na yi da Dramani ko uwar da ta haife shi ba ta yi ba.

Ku 'yan yanzu kukanku saurayi ya ga saƙo bai amsa ba. Ni a Zangon Kumasi, shekarar 1969, nawa saurayin da ƙafarsa yake zuwa. Ya jingine kekensa, ya zauna a bencin ƙofar gidanmu, in fito da ɗaurin ɗankwalin da na ɓata rabin yamma ina gyarawa, in kawo masa lamurje mai sanyi. Ina tsakiyar magana sai in ga ya saci kallon agogo.

"Safia, afuwa. Masta zai wuce."

Ni na raɗa wa abin suna Masta don haushi, shi kuma ya karɓe sunan da murna, bai ma gane zagi ba ne.

Bari in gaya muku wane ne Masta. Dramani ɗan mutanen garin Wa ne na can arewa, dogo, siriri, farar rigarsa kullum da tabon tawada a bakin aljihu. Mataimakin malami ne a ɓangaren kimiyya na jami'ar da muke kira Tek. Can bayan Oforikrom, a gefen wata gonar rogo, ya kakkafa gora, ya shimfiɗa wayoyi a kai, ya yi 'yar bukkar kwano ya cika ta da akwatuna da batiran mota. Wai akwai wani abu a ƙuryar sama, bayan duk taurarin da ido ke gani, mai fitar da ƙara irin ta rediyo. Wayoyin nasa ba sa juyawa, sai dai ya zauna ya jira abin ya ratsa ta samansu, sau ɗaya a rana. Kuma kullum yana ɗan rigan lokacin jiya.

Da muka fara, bayan isha'i yake wucewa, ya cinye mini hira. Ya matso ya cinye magariba. Azumi na kamawa ya doshi la'asar. Na ce to madalla, in aka jima zai koma safiya, in samu saurayina. Ashe ba za a bar mu mu jima ba.

Cikin azumin nan gwamnati ta yi shela a rediyo: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya bar ƙasa, wa'adin kuma gajere. Babana, Kimba, Bazabarme ne daga Dosso. Yana saurayi ya zo, ya yi dako, ya yi talla, har ya samu rumfar atamfa a babbar kasuwa. Da ya ji shelar sai ya kashe rediyon ya ce, "Wace takarda? Da ƙafata na zo."

Ni kuwa a Kumasi aka haife ni. Da Twi nake ciniki, da Hausa nake faɗa, Zabarmancina bai wuce gaisuwa ba. Ina ɗinki a wani shago a Adum, matan Ashanti suna layi don hannuna a wuyan riga. Amma aka ce haihuwa a nan ba ta isa ba in ubanka ba ɗan ƙasa ba ne. Layinmu ya hargitse. Ana sayar da gado da kujeru a wulaƙance, mata suna rabon kaji, kowace safiya lori na ɗaukar mutanen da na tashi ina ganinsu.

Baba ya kira ni bayan shan ruwa, Mma Habsa, mahaifiyata, tana gefe tana naɗe tabarmi kamar ba ta ji.

"Safiatu, mun samu lori, Litinin za mu. Ba na barin 'ya mace ba miji a garin da ba ni. In yaron nan da gaske yake, a ɗaura kafin mu tashi, ki zauna a matsayin matar ɗan ƙasa. In ba haka ba, ki shirya ki hau mota."

Mma ta ce, "Aure cikin azumi? A Zangon nan wa ya taɓa yi? Sai a ce wani abu muke ɓoyewa."

"Al'ada ce, ba haramun ba. Na je wurin Malam Sanni, ya ja, ya ja, ya yarda. Juma'a, ana saukowa daga masallaci." Ya juyo gare ni. "Amma da sharaɗi. Ba wakili kaɗai nake so ba. Shi da kansa zai zo ya zauna gaban mutane ya faɗi abin da yake yi a dajin nan."

Na san dalilin sharaɗin. Matan da ke zuwa itace ta bayan Oforikrom sun leƙa bukkar, sun ga mutum da wani abu a kunne yana rubutu, ga wayoyi sun nufi sama. Kafin su iso gida labari ya zama Dramani yana magana da hukuma a Accra, yana ba da sunayen gidajen da ba su da takarda. Aka yi rashin sa'a aka kwashe mutanen wani gida a layinmu washegarin ranar da ya bi ta nan da keke. Shi ke nan. Mai kokon da ke ƙara masa ƙosai ta daina amsa gaisuwarsa, shi kuwa bai ma lura ba.

Ya biyo ta shago da hantsi, na ja shi bayan labule na zayyana masa komai. Ya saurara, idonsa ya yi ja, ya ce ko a mafarki ba zai bari in hau lorin nan ba. Zuciyata ta fara sanyi. Sai ya ce:

"Juma'a bayan masallaci? Ei, Safia. Lokacin ne nake kunna akwati ya yi zafi kafin Masta. Ba za a matsa zuwa bayan shan ruwa ba?"

Almakashi na hannuna. Wallahi sai da na ajiye shi a hankali.

"Malam Sanni yana da tafsiri, da kyar ya ba da wannan lokacin. Ka ce wa Masta ya matsa."

"Ba ya matsuwa koraa, ko kaɗan," ya ce, da gaskiyarsa, kamar tambaya na yi.

"Dramani, ubana zai bar ƙasa!"

"Yoo, yoo, na ji. Zan san yadda zan yi. Zan zo."

Ranar Juma'a na sa sabuwar rigata mai ruwan goro da na kwana biyu ina ɗinkawa, na tsaya bayan labulen zaure. Malam Sanni ya zo. Dattawa biyu na layinmu suka zo. Kawu Bawah, ƙanin mahaifin Dramani, ya zo da goro cikin ganye da sadaki a aljihu, yana ta share gumi. Aka gaisa, aka tambayi azumi, aka sake gaisawa. Ango babu.

"Na gan shi a masallaci paa, da idona," in ji Kawu Bawah da Hausarsa ta Wa. "Ana sallama ya hau keke. Na ce ya zo nan ne."

Ɗaya dattijon ya yi tari ya ce, "Wataƙila Accra ta kira."

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Na jira Baba ya sallami mutane ya ce a ɗaure kayana. Sai na ji ya buga sandarsa a ƙasa.

"Tunda shi ba zai zo ba, ni zan je. Ina so in ga wanda ya fi ni daraja a wurin yaron nan. Safiatu! Na san kina bayan labule. Kin san hanya?"

Sau ɗaya na taɓa zuwa, da ƙawata, muka kai masa abinci. Haka na shige gaba, amarya guda, ina jan tsofaffi biyar masu azumi zuwa tashar trotro, motar haya. Rana kamar ta narkar da mutum. Muka sauka bayan Oforikrom muka kutsa cikin rogo, babbar rigar Malam Sanni tana kama ƙaya, yana ta salati. Takalmina mai tsini ya nutse a laka har sau biyu, ƙarshe na cire na riƙe a hannu.

Muka same shi a durƙushe, hannu duk tawada, yana fama da wata takarda mai naɗi. Ya ɗago ya gan mu, ya miƙe har kansa ya bugi kwano.

"Baba! Na zo in kunna ne kawai in koma, sai takarda ta maƙale, na ce bari in..."

"Zauna," in ji Baba. "Da wa kake magana?"

"Ba na magana, Baba. Akwatin nan ba shi da baki, kunne kaɗai gare shi."

Ya miƙa wa Baba abin sawa a kunne. Baba ya tura hularsa baya ya sa. Muka zuba masa ido. Ya daɗe, ya yamutsa fuska, ya cire ya ba Malam Sanni.

"Wannan ai suyar ƙosai ce," in ji Malam. "Shuuu kawai. Ina mutanen?"

"Babu mutane, Malam."

Daga nan bakin Dramani ya buɗe. Mutumin da in na ce ya yabi ɗinkina sai ya ce "ya yi," yau ga shi yana zuba kamar famfo. Ya ce taurari ba a warwatse suke ba, tari-tari suke, kowane tari ana ce masa galaksi. A tsakiyar waɗansu akwai wani wuri da ke fitar da ƙarar rediyo fiye da duk taurarin tarin a haɗe, kuma har yau ba wanda ya san mene ne a wurin. Ya ce 'yan shekarun nan masu manyan faranti na saurare a ƙasashen waje suka gano ƙarar waɗansu tana hawa tana sauka cikin 'yan watanni.

"To sai me?" in ji Baba.

"Baba, babbar kasuwa za ta iya yin shiru gaba ɗaya lokaci guda?"

"Ina! Kafin labari ya je layin nama, layin atamfa sun manta."

"Amma rumfa guda za ta iya. Abin da ke canzawa da sauri haka dole ƙarami ne. To ƙaramin wuri, ina ya samo wannan ƙarfi duka? Shi duniya ke nema."

Baba ya dube ni ta wutsiyar ido. "Ƙaramin abu mai yawan ƙara. Ina da irinsa a gida."

Dattawa suka yi dariya, ni ban yi ba. Baba ya nuna takardar da wata allura mai tawada ke ja wa layi. "Naka ɗin, yau ya hau ko ya sauka?"

Dramani ya sosa ƙeya. "Nawa ba ya canzawa, Baba. Masu canzawar akwatina bai kai ya ji su ba. Wannan ina auna shi ne kullum in nuna jiya da yau ɗaya ne, don a san hannuna ya faɗa."

Jama'a, kun ji? Watanni ina shan hira ni kaɗai da sauro, an kira shi ɗan leƙen asiri, tsofaffi sun keta rogo da azumi a baki, duk a kan abin da jiya da yau ɗaya ne. Na manta da kunya na ce, "Kai, Dramani, Allah ya shirye ka!"

Baba ya juya ga dattawan. "Kun gani da idonku. Wannan ba ɗan rahoto ba ne. Ɗan rahoto yana da wayo." Ya koma kan Dramani. "In hannun ya faɗa, sai me?"

Fuskarsa ta washe. Ni da na san shi, na gane akwai wata a ƙasa tun kafin ya yi magana.

"Malamina na Tek ya ce in layin bai yanke ba har ƙarshen shekara, zai aika da shi Ingila. In sun karɓa, baɗi in je in yi aiki a babban faranti. Shekara uku."

Kawu Bawah ya rufe ido. Ni kuwa takalmin hannuna ya faɗi. Bai taɓa gaya mini ba. Na san ba ɓoyewa ya yi ba, shi a kansa wannan zance ne na Masta, ba na aure ba, kuma hakan ya fi ɓoyewar ciwo.

Baba bai ɗaga murya ba. "Safiatu, matso. Ni zan tafi, shi ma zai tafi. Yaro, dube ni. A hannun wa zan bar ta?"

Dramani ya buɗe baki. A daidai lokacin allurar nan ta fara ƙyas-ƙyas, ta soma hawa. Masta ya iso. Na ga idon Dramani ya zame daga fuskar ubana ya koma kan takarda. Ƙiftawa ɗaya ne, amma na gani, Baba ma ya gani.

Na sunkuya na ɗauki takalmina na ce, "Baba, mu tafi, kada mu makara shan ruwa. Zan hau lorin."

Ban kai ƙofar bukka ba na ji ƙarar fizga. Na waiwaya. Wayar batir ce a hannun Dramani, allurar ta zube ƙasa ta ja layi a kwance.

"Na fasa, Baba. Ba Ingila, ba komai. A hannuna za ka bar ta."

Kuna tsammanin daɗi na ji? Haushin da ya taso mini ya ninka na farko. Na hango shi shekara da shekaru a tsakar gida, tuwona na hucewa a gabansa, ya ɗaga kai sama yana ajiyar zuciya, ni ce kuma sanadi. Kuma gaskiya, tunda na ce zan faɗa muku komai, wannan haukar tasa ce ta sa na so shi tun farko. Samarin Zango duk zancensu kuɗin gonar koko da sabon rediyo, shi kaɗai ne idonsa ke haske a kan abin da ba zai ci ba.

"Mayar da wayar nan!"

"Safia..."

"Ka mayar, na ce, kafin ya wuce! Ka sa na ɓata takalmi a banza?"

Ya dubi Baba, ya dube ni, ya durƙusa ya mayar. Allurar ta yi tsalle ta ci gaba da hawa, da ɗan giɓi a layin.

Na durƙusa gaban Baba, hawaye na zuba kan sabuwar rigata. "A nan aka binne cibiyata, Baba. Ka bar ni a hannun Allah da keken ɗinkina. Shi kuma ya je ya dawo, zai same ni da faɗan da na tara masa."

"Yarinya ya zauna gidana," in ji Kawu Bawah da sauri. "Ɗaki ya nan, matata ya nan. Ba wanda ya taɓa shi."

Baba ya dubi Kawu Bawah, ya dube ni. Can ya ce, "Malam, ɗaura."

"A gonar rogo?"

"Rogo ya hana? Ga waliyyi, ga wakili, ga shaidu. Safiatu, koma bayan bukka, amarya ba ta zama a wurin."

Haka aka ɗaura aurena ina tsaye bayan kwano mai zafi, tururuwa na hawa ƙafata, ina jin Fatiha haɗe da ƙyas-ƙyas ɗin allura. Suka yi la'asar a kan ganyen rogo. Kawu Bawah ya kwance goro ya raba, kowa ya karɓa ya riƙe yana juyawa, ba mai iya kaiwa baki. Baba ya sa nasa a aljihu ya ce zai ci a hanya.

A trotro ina kusa da Baba. Sai da muka wuce Oforikrom ya yi magana, idonsa na kan titi.

"Direba ya aiko da safe. Ba Litinin ba ce. Gobe ne, ana gama sahur."

"Gobe? Baba, me ya sa ba ka..."

"Ban so ki zaɓa da tsoro ba."

Muka iso gida rana ta yi ja. Mma na bakin murhu tana suyar ƙosai. Ta ɗago ta dubi ƙafata mai laka, ta dubi Baba. Shi kuwa goron kawai ya ciro ya nuna mata a tafin hannu.

Ta sauke kaskon. Ta wuce mu ta nufi ƙunshin kayan da ke jingine a bango, ta durƙusa ta sa haƙori a ƙullin igiya. Sai a lokacin na ga zannuwana a ciki, an naɗe su tsakanin nata. Ta riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa gefe. Ladan ya kira salla, ga ruwa a gabanmu, ba wanda ya miƙa hannu.

"Mma..."

"Kada ki tsaya mini a kai kamar gunki, zo ki riƙe nan." Ta jawo baƙar tukunyar miyarta ta dangwara mini a cinya, ba ta yarda mun haɗa ido ba. "Wannan tana yoyo ta gefen kunne. Ki riƙa karkata ta a murhu. Ki ji da kyau yanzu, gobe ba mai gaya miki."